Jarkar Nono Zuwa Jidda

Ni mutumin kara ne, wato kasuwar shanu. Shanu nake saye a Potiskum da kasuwannin da ke kewaye da ita, in yi lodinsu a tirela in tura Kudu. Ban gaji sana'ar ba. Da jan igiyar shanun wasu na fara, har Allah Ya sa na kama tawa. Saboda haka nisan hanya ba baƙon abu ba ne a wurina. In ka ambaci gari, zan gaya maka ko sa zai isa can a tsaye ko a kwance, da irin naman da zai zubar kafin a sauke shi. Nisan sama ne ban sani ba, sai a shekarar da na kai mahaifiyata Makka, wajen tsakiyar shekarun casa'in.

Inna tana da ƙanwa guda ɗaya, ita ce autarsu. Tun suna yara, zamanin Turawa, ƙanen babansu da Allah bai ba shi haihuwa ba ya karɓi autar riƙo, kuma a shekarar ya bi ayarin masu tafiya gabas a ƙasa. Inna ta ce ta raka su har bayan gari, kan hanyar Damagum, tana riƙe da hannun yarinyar, sai da manya suka ce ta koma. A lokacin ba a yi wa tafiyar Makka ranar dawowa. Mutum zai yi noma a ƙasar Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya tara abin da zai hau jirgin ruwa da shi. Har aka yi wa Inna aure ba a ji labarinsu ba. Sai bayan ta haife ni wani mai dawowa ya ce ya ga yarinyar a Makka, ta girma ta yi aure, ƙanen baban kuwa ya rasu tun a Sudan.

Da rikoda ta shigo gari, sai zumuncinsu ya koma kaset. Duk shekara in maniyyata za su tashi, Inna za ta sa in ajiye mata rikoda a kan tabarma, in danna mata, ta kore ni daga ɗakin ta yi ta magana ita kaɗai. In alhazai suka dawo, wani zai kawo amsa tare da dabino da ɗan zamzam. Mu Inna Ƙarama muke ce wa mai muryar, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin ta a cikinmu. Hausarta ta cakuɗe da Larabci, in kuma ta zo kan abin da ya taɓa ta sai ta koma Bolancin yarinta, yarensu na Bolewa, wanda ni rabi-rabi nake ji.

A wani kaset ta ce, "Yaya, komai akwai a garin nan, ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Amma nono irin na ƙwaryar Innarmu ban sake sha ba tun ranar da kika sake min hannu. Na kanti nake sha. Fari ne, ga sanyi, amma in na haɗiye shi ke nan, ba ya barin komai a baki. Wani lokaci ina cikin sallah sai ƙamshinsa ya zo min, Allah Ya yafe min."

Inna ta yi ta sa a maimaita mata wurin nan har zaren kaset ɗin ya saki, muryar ta koma kamar ta mai mura.

Kakarmu Bafulatana ce daga wajen Nangere, wani manomi Babole ya aure ta. Ranar da aka kawo Inna ɗakin babanmu a unguwar Bolewa, cikin kayanta har da 'yar ƙwarya da nono a ciki, wanda uwarta ta ɗebar mata daga nata. Da shi ta kafa na farko. Yadda ake yi ba wani sirri ba ne. A tafasa madara, a bar ta ta huce, a ɗiga mata ɗan nonon jiya, a rufe da faifai, kafin safiya ta yi barci ta zama kindirmo. Ɗan na jiyan nan shi Inna take ce wa iri, kuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. In aka yaba nononta, saniya take yaba wa, da ciyawa. Ko a lokacin da ba mu da saniya, madara take saye wurin Fulani don kada ƙwarya ta kwana babu komai. Da na samu hali sai na ɗaure mata wata jar saniya a gida. Duk shanun da suka ratsa hannuna, ita kaɗai ce ban taɓa sauraron tayi a kanta ba.

Shekarar da kasuwa ta yi min kyau na biya mana kujeru biyu, ni da ita. Alhazanmu a Maiduguri suke hawa jirgi. Wata Laraba a kara, muna zaune a rumfa ana jiran lodi, na tambayi wani alhaji mai tireloli, wanda ya je Makka har ya daina ƙirgawa.

"Alhaji, Maiduguri zuwa Jidda nawa ne a jirgi?"

"Kuɗi ko lokaci?"

"Kuɗin na riga na ji a jikina. Lokaci nake tambaya."

"Awa huɗu, ko da ɗan ɗori. Kai da ka saba kwana a bayan tirela cikin kashin shanu, kafin ka gyara zama an ce ku sauka. Ga shi kuwa nisan ya ninka nan da Legas sau biyu har da ragowa."

Na koma gida na tarar da Inna tana wanke ƙwaryarta. Ni ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunana. In tana cikin raha Mai shanu take ce min, in ranta a ɓace yake sai ta ce kai kawai.

"Inna, na tambayo. Awa huɗu ne a jirgi."

"Ni ban san awa ba, Mai shanu. Gaya min da sallah."

"In muka tashi da hantsi, la'asar a Jidda za mu yi ta."

"Hanyar da ta cinye ƙanen babanmu?"

"Ita."

"Kai dai dillali ne. Ko ramammen sa ka kawo sai ka ce ƙibar a ciki take."

"Gaskiya nake gaya miki. Kamar mu shiga mota yanzu mu tafi Kano ne."

Ta ajiye ƙwaryar ta ɗaga kai sama. Lokacin aikin hajji jiragen Kano ta kan garinmu suke bi, can ƙololuwa, ba ka jin ƙararsu sosai, sai farin layin da suke bari ya nufi gabas. A ranar babu ko ɗaya, amma ta daɗe tana kallo.

"Ashe duk shekarun nan tana nan kusa," ta ce.

Can kuma ta ce, "In haka ne, nonon da na kafa da yamma za ta sha shi washegari kafin magariba."

Na ce ƙwarai kuwa.

Ni da nake faɗin haka na san ba a lissafin tafiyar tirela daga lokacin da direba ya tayar da inji. Akwai jiran lodi, akwai jiran takarda, akwai shingaye a hanya, akwai jiran wurin saukewa. Amma jirgin sama na ɗauke shi wani abu dabam, abin da ba ya jiran kowa kuma ba a jiran sa. Alhajin ma na sama ya gaya min, don shi na tambaya.

Jajibirin tafiya Inna da hannunta ta tatsi jar saniya, ba ta yarda matata ta taɓa ba. Ta tafasa, ta kafa, ta rufe. Da asuba ta juye shi a wata sabuwar 'yar jarka da ta wanke da ruwan zafi, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Sauran tsarabar duk busassun kaya ne, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da gero, suna cikin jaka. Jarkar kuwa a cinyarta ta ɗora.

Muna fita gari kan hanyar Damagum ta ce direba ya rage gudu. Wurin ya cika da tireloli a fake da rumfunan masu faci. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu.

"Akwai wata kuka a nan," ta ce. "A gindinta aka ce in koma."

Babu kukar. Direba ya jira kaɗan, sannan ya taka mota.

Mun isa sansanin alhazai a Maiduguri rana ta take. Aka ce jirgi sai gobe. Bazara ce, irin zafin Borno da ko inuwar dogon yaro ba ta da sanyi. Mutane sun baje tabarmi, kowa da kayansa a matashin kai. Da an ji ƙarar jirgi sai ka ga duk an miƙe ana naɗe tabarma, in ta wuce a sake shimfiɗawa. Washegari aka sake cewa gobe.

Inna ba ta bar buhun nan ya bushe ba. Ruwan butarta na alwala take rabawa biyu, rabi nata rabi na jarka, tana bin inuwa da ita duk inda ta juya. Duk da haka a kwana na biyu jarkar ta fara kumbura. Na sassauta murfin, iska ta fito da huci, tsami ya bugi hancin duk wanda ke kusa. Wata mata 'yar ƙasar Fika da tabarmarta ke jikin tamu ta ja gyale ta rufe hanci.

"Hajiya, wannan kuma maganin mene ne?"

"Tsaraba ce," in ji Inna.

"Wa kika tsana haka a Makka?"

Matan wurin suka yi dariya. Inna ma ta ɗan murmusa, amma na ga yadda ta jawo jarkar ta tura ƙarƙashin zanenta.

Da yamma na zauna kusa da ita na kawo shawarwarina, yadda zan yi wa abokin ciniki in kaya sun lalace a hanya.

"Inna, ga matan Shuwa can a bakin ƙofa suna sayar da nono mai kyau. Ranar da aka kira mu sai in saya miki sabo."

"Na Shuwa ta ce min tana so?"

"To bari in koma Potiskum in kwana, a kafa wani in kawo."

"In aka kira jirgi ba ka nan fa? In bi wa?"

"To wannan dai ya riga ya tashi daga aiki. A zubar da shi, kada ya fashe mana a cikin kaya."

Ta juyo ta dube ni.

"Kai, ba kai ka ce min awa huɗu ba?"

"Na sama na faɗa, Inna."

"To ni ga ni a ƙasa."

Ta ɗiga wa buhun ruwa, ta shafa shi da tafin hannu.

"Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya," ta ce. "Ba zan zubar ba. Ko warin ne ta shaƙa."

Daga ranar maganarta ta ragu. Matar da take ba 'yan tabarma labarin ƙanwarta tun daga safe, sai ta koma carbi kawai. Ni kuma aikina ya zama sassauta murfi safe da yamma, can nesa da mutane, in bar iska ta fita in dawo mata da ita. Na sha yin asarar shanu a hanyar Kudu in kwana in yi barcina. Amma 'yar jarkar nan ta tsaya min a rai fiye da su.

Mun kusa cika mako sannan aka kira sunayenmu. Da hantsi muka hau, kamar yadda na taɓa ce mata, sai dai ba hantsin da muka yi zato ba. Aka ba ta kujerar jikin taga. Jarkar tana cikin jaka a tsakanin ƙafafunta. Da jirgi ya ɗaga ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, da ya daidaita kuma ta sake shi kamar ba ita ba.

Aka kawo abinci, ba ta taɓa ba. Goshinta yana jikin gilashi. Ƙasa ja ce, shimfiɗe, babu itace, babu alamar mutum. Bayan wani lokaci ta tambayi inda muke. Wani malami da ke bayanmu ya ce a lissafinsa muna kan Sudan.

"Nan suka yi shekaru," ta ce. "Ban ga ko hanya ba. Ta ina suka bi da yarinya ƙarama?"

Sai ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Yi wa ƙanen babanmu addu'a. Muna wuce shi."

Muka ɗaga hannu ni da ita. Kafin mu shafa na tabbata mun yi nisa da duk inda kabarin yake. Ba a jima sosai ba sai ga ruwa shuɗi a ƙarƙashinmu, aka ce Bahar Maliya ce, jirgin ya ɗauki talbiyya gaba ɗaya. Da tayoyi suka taɓa ƙasa na duba agogona. Alhaji mai tireloli bai yi ƙarya ba. Awa huɗu ne da ɗan ɗori.

A Jidda wani jiran muka tarar, na takardu da na kaya da na mota. Wurin bincike wani ma'aikaci Balarabe ya ɗaga jarkar, ya buɗe murfin, ya yi baya da kansa da sauri. Ya yi wata magana da ba mu ji ba. Inna ta ce masa da Hausa, "Nono ne, ɗana, na ƙanwata ne." Ya dube ta, ya rufe murfin da kyau, ya miƙa mata ya yi mana alama da hannu mu wuce. Muka kwana a can. Da muka shiga Makka kuma ta ce ɗakin Allah ne farko, ƙanwa ta biyo baya. Sai da muka gama umara muka huta sannan na aika da saƙo inda aka kwatanta mana. A lokacin nonon ya rabu biyu, ruwa rawaya a sama, guda-guda a ƙasa.

Babban ɗan Inna Ƙarama ne ya zo ɗaukar mu, magidanci mai furfura a gemu, direban tasi. Ya durƙusa ya gaida Inna da Hausarsa mai nauyi, ita kuma tana ta kallon kunnuwansa, ta ce irin na babansu ne, wato kakanmu. Unguwarsu a kan dutse take, inda mutanenmu da suka daɗe a can suke zaune, mota ba ta kaiwa sai an hau matakala. Da za mu fita Inna ta ce min a hankali, "Bar jarkar a mota." Mun taka matakala kaɗan ta tsaya tana haki.

"Koma ka ɗauko," ta ce.

A bakin ƙofa wata tsohuwa tana tsaye, gajeriya, ta karkatar da kai gefe guda yadda Inna take yi in tana sauraro. Na yi zaton za su rungumi juna. Sai suka tsaya da ɗan rata a tsakaninsu suka shiga gaisuwa, kamar maƙwabtan da suka haɗu a bakin rijiya.

"Yaya, kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Auta. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ki."

"Ya hanya?"

"Awa huɗu ce, in ji wannan," Inna ta nuna ni da haɓa.

Sai Inna Ƙarama ta miƙo hannu, Inna ta kama. Haka suka shiga ɗaki, suka zauna gwiwa na taɓa gwiwa, hawaye na zuba babu mai sharewa, hannun nan kuma ba a sake shi ba. Ni da ɗanta muka zauna a bakin ƙofa muna kallon ƙasa.

Da aka natsu aka baje tsaraba. Inna Ƙarama ta shinshina daddawa, ta murza kuka a yatsu, ta sa albarka. Sannan ta dube ni.

"Ɗana, wannan fa da kake ɓoyewa a bayanka?"

Inna ta riga ni. "Ba komai ba ne. Abin da kika ce ne a kaset, amma hanya ta ɓata shi. An ce min kusa ne. Da na sani da ban ɗauko ba."

"Miƙo."

Ta warware buhun ta buɗe murfin. Warin ya cika ɗakin. Surukarta da ta shigo da shayi ta ajiye tire ta koma da baya. Inna ta sunkuyar da kai. Ita kuwa Inna Ƙarama hancinta ta kai bakin jarkar ta rufe ido, ta daɗe a haka. Ta karkata ta, ta tsoma yatsa ta lasa, fuskarta ta tattare don tsami.

"Daga ƙwaryar Innarmu?"

"Daga ita. Ban taɓa barin ta ta yanke ba."

"Yaya, tsufa ne ko jirgi ne ya juya miki kai? Ke da kike kafa nono kullum? Wannan ai ba na sha ba ne. Iri kika kawo min."

Ta ce shekara da shekaru tana gwadawa. Ta tafasa madara ta ɗiga na kanti, ya kama, amma ɗanɗanon kanti yake bayarwa. Madara ba ta taɓa yi mata wuya ba, abin ɗigawar ne babu. Nan take ta aiki ɗanta ya samo ɗanyar madarar shanu.

"Saniyar ba tamu ba ce," in ji Inna. "Ciyawar ma ba tamu ba."

"Ni ma abincin garin nan nake ci tun ina yarinya. Kin ga na fasa zama ƙanwarki?"

Ta jawo wata tsohuwar ƙwarya da faifai daga ƙarƙashin gado, ta ce wurin wata hajiya ta saya tun da daɗewa, tana ajiye da su ba ta san ranar amfaninsu ba. Aka tafasa madara aka juye. Suka tsiyaye ruwan saman jarkar, suka kwarfo na ƙasan a ludayi. Sai gardama ta tashi.

"Ta huce, Yaya, zuba."

Inna ta tsoma ƙaramin yatsa. "Ba ta huce ba. Za ki kashe shi."

"Ta huce mana. A nan garin haka muke yi."

"Shi ya sa kuke shan na kanti."

Ɗanta ya dube ni, na dube shi. Tsofaffi biyu da suka rabu tun ba su san kansu ba, ga su suna musu a kan ƙwarya kamar jiya suka kwana ɗaki ɗaya. Inna ce ta ci. Aka jira, ta ɗiga da hannunta, ta rufe da faifai. Ta ce ni in koma masauki, ita a nan za ta kwana.

Da safe na dawo. Madara ta yi barci, ta kama sosai, sai dai tsamin ya yi yawa. Inna Ƙarama ta ɗauko ludayi, Inna ta riƙe mata hannu.

"Ba wannan ba. Ya sha wahalar hanya. Daga shi za a sake kafawa, na gobe za ki sha."

"Na jira tun ina yarinya, yanzu kuma gobe?"

"Mu ma haka aka yi ta ce mana a Maiduguri."

Washegari ina zaune aka ɗaga faifai. Ƙamshin da ya taso na tsakar gidanmu ne da safe, har sai da na ji kamar zan ji kukan jar saniya. Inna Ƙarama ta ɗiba ta kai baki. Ba ta haɗiye da wuri ba. Da ta haɗiye ta yi wata magana da Bolanci, a hankali, ban kama komai a ciki ba sai kalmar uwa. Ta ƙara ludayi biyu sannan ta miƙa wa yayarta. Inna ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Da saura," ta ce. "Na saniyata ya fi."

"Ke dai ba ki canza ba."

Sauran kwanakinmu a Makka, in ba muna wurin ibada ba, Inna tana kan dutsen nan. Ranar da za mu bar garin Inna Ƙarama ta rako mu har ƙasan matakala, tana dafa bango.

"Tunda awa huɗu ne, Yaya, ai sai ki riƙa leƙowa."

"Kada ki yarda da su, Auta. Na sama suke faɗa."

A wannan karon Inna ce a mota, ƙanwar ce aka ce ta koma. Ba su sake ganin juna ba.

Inna ta rasu kafin shekarun casa'in su ƙare. Kwanakin zaman makoki gida ya cika da mata, ana ta dafe-dafe da wanke-wanke. Babu wanda ya tuna da ƙwarya. Wata mai son taimako ta gan ta a lungu da ragowar nono ya bushe a ciki, ta wanke ta tas ta kife a rana. Ba laifin kowa ba ne. Daga baya matata ta karɓo nono wurin Fulani ta kafa da shi. Yana da daɗi, yara suna sha, amma ni na san ba shi ba ne.

Da alhazan shekarar suka dawo aka kawo kaset, karo na farko da sunana a kai. Inna Ƙarama ta yi min ta'aziyya. Sai ta ce, "Ɗana, nonon yayata yana nan a wurina, bai yanke ba. Na koya wa surukata, har da tsoma yatsan. Duk ranar da ka zo akwai rabonka."

Ita ma ta daɗe da rasuwa yanzu. Masu zuwa suna gaya min surukar tana nan tana kafawa, har maƙwabta suna karɓar iri a wurinta. Na yi niyyar komawa ba sau ɗaya ba. Wata shekara kasuwa ta hana, daga baya kuma gwiwoyi suka ce ba za su hau matakalar nan ba. Sau biyu ina ba alhazai saƙo su taho min da ɗan kaɗan. Ɗaya ya manta. Ɗayan ya karɓo, da ya fara kumbura a wurin jiran jirgi a Jidda sai ya jefa shi a kwandon shara. Ban ga laifinsa ba. Ba kowa ne zai zauna da jarka mai wari a tsakanin ƙafafunsa ba.

In samarin kara da za su tafi suka tambaye ni nisan Jidda, nakan ce musu awa huɗu a sama, na ƙasa kuma su tafi da haƙuri. Jar saniyar ta mutu tuntuni. Jikarta ce a ɗaure a gidan yanzu, ita ma ba ta sayarwa ba ce. Ƙwaryar Inna tana rataye a ɗakina. Madara muna da ita kowace safiya. Irin ne yake can.